Inhelar yarona da tsofaffin Ingila

Jama'a wallahi ranar na ji kunya. Saƙo aka turo min daga asibitin GP ɗinmu, wato likitan unguwa a nan Ingila, wai in kawo yarona a duba asmarsa kamar yadda ake yi duk shekara, na ce yaro lafiyarsa ƙalau me zan kai shi yi? Na dai kai shi. Nas ɗin ta miƙa masa inhela ta ce ya shaƙa ta gani, yana dannawa maganin duk ya tsaya masa a harshe, ta juyo ta ce wa ya koya masa haka? Ni ce. Shekara 4 a haka muke yi tun muna gida, ba wanda ya taɓa cewa mu gwada a gabansa.

Ashe shuɗiyar inhelar nan da muke riƙe da ita kamar rai ta buɗe ƙirji ce kawai in abin ya taso, mai ruwan ƙasa ita ce ta kullum safe da yamma ko lafiyarsa lau, don ita ke kwantar da kumburin hanyar iska. Ta ba shi wata roba kamar gora da ake sa inhelar a ciki, ta sa ya hura wani bututu ta rubuta lamba, ta ba mu takarda in ya kai kaza ku yi kaza, in ya wuce haka ku kira 999, lambar gaggawa. Ko sisi ban biya ba tunda bai kai shekara 16 ba. Mu kuwa a gida sai yaro ya fara shiɗewa tsakar dare a kwashe shi sai asibiti, a sa masa oksijin, ya warware, shikenan an manta. Haba.

Amma kar ku ce aljanna ce. Ƙarfe 8 na safe za ki kama waya neman ganin likita, kafin a ɗauka an ce gurbi ya cika. Babba mai asma kuma fam 9.90 yake biya kowane magani.

Tsofaffi ne ke karya min zuciya, kula da su ne aikina, gida-gida. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin masu kula da shi. Wata tsohuwa minti 30 aka ba ni a gidanta, wanka, shayi, magani, ina sa takalmi ta riƙe min hannu ta ce in ƙara zama kaɗan, ni kuma wani gidan na jira. A bas na yi ta tuna Inna, ba nas ɗin da ta taɓa leƙa ta ko auna mata hawan jini, amma ɗakinta bai taɓa rabuwa da jikoki ba.