Hattara da masu "saitin piyano" da ke bin gidaje a Jos

Wannan gargaɗi ne ga masu piyano a gida, da makarantu da majami'u a Jos da Bukuru. Da hunturu ya kankama, akwai masu bin gida-gida da jakar kayan aiki suna cewa su ƙwararrun masu saiti ne. Ba a banza suka zaɓi lokacin ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙamas, allon sautin piyano, wanda siririn katako ne, ya tsuke, wayoyi su ɗan saki, murya ta sauka. Kowane piyano haka yake yi, ko sabo ne dal. Mai gida kuwa sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace, kuma abin da ɗan damfara ke jira ke nan.

Yakan fara da farashi mai rahusa. Sai ya buɗe murfin sama, ya girgiza kai, ya ce ƙusoshin saiti sun yi tsatsa, ya ciro gwangwanin man feshi. Nan take ku riƙe masa hannu. Piyano yana da maɓallai 88 da wayoyi kusan 230, jimillar jan da suke yi ya kai tan 18 zuwa 20. Kowace waya an naɗe ta ne a jikin ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako mai tauri, kuma matsewar katakon kaɗai ke hana ƙusar juyawa. Idan mai ya tsuma katakon, ƙusa ta fara zamewa, saiti ba zai ƙara zama ba. Ɓarnar ba ta fitowa ranar, sai bayan makonni, lokacin mutumin ya kashe wayar salularsa. Canza wannan katako kuwa sau da yawa ya fi kuɗin piyanon tsada. Man da ya ɗiga kan wayoyin ƙasa masu naɗin tagulla shi ma yana kashe musu murya, su riƙa amo kamar an buga kwali.

Dabara ta biyu ta fi muni. Zai ce sai ya tafi da injin guduma, wato jerin 'yan gudumomin da ke bugun wayoyi idan an danna maɓalli, zuwa shago. A piyano na tsaye, noti uku ko huɗu ne ke riƙe injin, cikin 'yan mintoci an ɗaga shi gaba ɗaya. Daga nan sai kira: a turo kuɗin sababbin guduma daga Legas, a ƙaro na ulu, a ƙaro na mota. Wani ma injin wani piyano zai dawo muku da shi, gudumomin ba sa faɗa wa wayoyi daidai. Gaskiya ne mai gyara na ƙwarai kan tafi da inji wani lokaci, amma ku je ku ga shagon da idonku, ku ɗauki hoton injin da lambar piyano da ke jikin firam ɗin ƙarfe, a rubuta aikin da za a yi da kuɗinsa a takarda.

Kayan aikinsa ma kan tona shi. Mai saiti yana da makulli na musamman mai dogon hannu da ke zama cif a kan ƙusa, da 'yan robobin toshe waya, da ɗan ƙarfen gwada murya ko manhaja. Wanda ya ciro filaya ko sifana zai cinye kan ƙusoshin ne kawai. Saiti na gaske yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Piyanon da ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, sai an fara ɗaga muryarsa gaba ɗaya, sannan a sake bi a daidaita. Mai gaggawa ne ke tsinka waya, ya ce dama ta ruɓe, a biya.

Kafin ku biya, ku gwada da kanku. Manhajar saiti ta kyauta a waya za ta nuna ko maɓallin A da ke sama da C ta tsakiya yana kan 440 Hz, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa. Sannan ku danna maɓallan tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu wayoyi uku ne ke amsawa, idan kun ji muryar na kaɗawa "wa-wa-wa", ba su haɗu ba, aiki bai kammala ba.

Saiti sau biyu a shekara ya wadatar: makonni kaɗan bayan hunturu ya zauna, sai kuma bayan damina ta zauna. Danshin ɗaki kashi 40 zuwa 50 ake so, ƙaramin ma'aunin danshi zai nuna muku. Ku nisanta piyano da taga, da rana, da hita ko kaskon gawayi, komai sanyin Disamba. Kada a ajiye kwanon ruwa a cikinsa, tsatsa yake jawowa. Ku riƙa leƙa ƙasansa saboda ɓera da gara. Wanda kuma aka riga aka fesa wa piyanonsa mai, kada ya yarda a ƙara taɓa ƙusoshin sai wani mai gyara daban ya gwada ƙarfinsu, ya ajiye lambar wayar mutumin da shaidar tura kuɗi ya kai wa 'yan sanda.