Jakuzi ko tankin ruwan zafi na rana: amsa ga ƙanenmu na Talaje

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani ƙanenmu a wannan zaure, mazaunin unguwar Talaje a Yamai, ya ce ya ga ana tallar jakuzi na hurawa a Facebook, wato kwarmin wankan nan mai ɗumama ruwa da kansa yana feso kumfa, kuma kuɗinsa bai kai na sabon babur ba. Tambayarsa ita ce: har yanzu abin na masu hannu da shuni ne, ko shi ma ma'aikaci zai iya saya wa Hajiya mahaifiyarsa, wadda gwiwoyi da baya ke damunta duk lokacin ɗari?

Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya, ya ba Hajiya lafiya. Amsata a taƙaice: sayensa ya daina zama na attajirai kaɗai, amma riƙonsa a Yamai har gobe nasu ne. Kamar doki ne, ba ranar saye ake jin jiki ba, sai an zo harawa. Bari in ajiye maka shi gefe da gefe da abin da nake ganin ya fi dacewa da buƙatarka, wato tankin ɗumama ruwa da hasken rana haɗe da baho na zama, sai ka auna da kanka.

Mu fara da kuɗin saye, tunda shi ya ja hankalinka. Jakuzi iri biyu ne. Akwai na gaske, mai ƙaƙƙarfan jiki, irin wanda dangin Jacuzzi, ƴan asalin Italiya mazauna Kalifoniya, suka fito da shi a 1968. Abin sha'awa, asalinsa ma jinya ce: Candido Jacuzzi ya ƙera famfon farko ne saboda ɗansa mai ciwon gaɓoɓi, aka fara sayar da shi a 1956. Irin wannan a Turai, mai matsakaicin kyau yana kai yuro 5,000, kuma tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga ya haura miliyan 3 tun bai hau jirgin ruwa ba. Ƙara kuɗin dako, wanda ya yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ƙara na duwan, ƙara daɓen kankare da za a zuba masa. Wannan kam ka bar wa mutanen unguwannin masu kuɗi irin su Filato da Kwara Kano da manyan otal. Sai na hurawa, irin na Intex ko Bestway, wanda nake kyautata zaton shi ka gani. A can ana samunsa wajen yuro 500, kimanin jika 328. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, saboda haka ga ƙaramin ma'aikaci albashin kusan wata takwas ne, amma ga mai matsakaicin samu da ke zubin adashi, abu ne da hannu ke kaiwa. Tankin rana mai cin lita 150 zuwa 200 shi ma ba kyauta ba ne, kuɗinsa da na kafawa ba su yi nisa da wancan ba. A nan dai kusan kunnen doki suka yi.

Inda suka rabu shi ne kuran, wato wutar lantarki, kuma nan nake so ka tsaya da alƙalami. Ƙa'ida ce da ba ta canzawa: in za ka ɗaga zafin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya, sai ka kashe wat 1.16 na tsawon awa. Jakuzin hurawa na mutum huɗu yana cin ruwa kimanin lita 800. A watan Janairu, mu ce ruwan famfo ya zo da digiri 22, kana so ya kai 38. Lissafin ya ba da kusan kilowat 15 a cikawa ɗaya. In muka ƙaddara kilowat ɗaya a dala ashirin don sauƙin lissafi (duba takardar NIGELEC ɗinka ka sa naka farashin), jika ɗaya da rabi ke nan. Za ka ce ai ba yawa. To ba a nan take ba. Abin ɗumamar da ke cikinsa kilowat 2 yake ja, yana ƙara digiri ɗaya zuwa biyu ne kawai a awa, don haka in ka kunna da hantsi sai dare ruwan zai yi daidai. Shi ya sa masu shi ba sa kashewa, suna barinsa a kunne dare da rana, famfon tacewa na juyawa, abin ɗumama na tashi duk sanda sanyin asuba ya sace zafin. Ko da kilowat 5 kawai ya ci a yini, a wata ya zama 150, kuma ka san yadda NIGELEC ke lissafi: matakala ce, kana ƙara ci kana hawa mataki mai tsada, har firigo da fanka su ma su shiga sabon farashi.

Akwai kuma abin da mai talla ba zai faɗa maka ba. Gidaje da yawa a unguwanninmu kwantarsu ta kilowat 3 ce. Jakuzi ya kwashe biyu, firigo na aiki, uwargida ta jona abin guga, sai ka ji ƙat, wuta ta ɗauke a gidan duka, yara na ihu a duhu kana laluben makunni da fitilar salula. Sai ka je neman ƙarin ƙarfin kwanta, wani kuɗin ke nan. Ban ma yi maganar ɗaukewar wuta ta gari ba. Duk wanda ya zauna Yamai daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan kuran, har zuwa Maris na 2024, ya san abin da ake nufi. An ƙara tashar hasken rana mai megawat 30 a Goru Banda, amma madatsar Kandaji ba ta kammala ba, kuma duk bazara sai an sha rabon wuta unguwa-unguwa. In kuran ya tafi, ruwan jakuzi ba sanyi kawai yake yi ba, tacewa ma tsayawa take.

Tankin rana kuwa ba ya shan kuran ko na dala. Ruwa ya yi zafi a cikin bututun gilashi ko faranti, ya yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka yake juyawa ba famfo ba inji. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni Diofo, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta ƙasa, daga 1969, kuma cikin abubuwan da ma'aikatar ta ƙera a nan Yamai har da irin wannan tanki. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne, mun riga ƙasashe da yawa sanin wannan fasaha, amma yau a gidajenmu da itace ake dafa ruwan wanka. Lahaninsa biyu zuwa uku ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Lokacin da ka fi buƙatarsa shi ne lokacin hazo, ƙura na kwanciya a kan gilashin, sai an riƙa hawa ana gogewa da tsumma duk ƴan kwanaki. Yana son ruwa mai ƙarfin hawa saman ɗaki, abin da ba kowace unguwa ke samu ba in ba ka da shato, wato tankin ajiyar ruwa na bisa. Sannan da rana tsaka ruwansa kan wuce digiri 60, yana sale fata, dole a sirka, kuma a ja wa yara kunne.

Ruwa fa? Lita 800 tano huɗu ne, ko bido 32 na lita 25. In famfon kamfanin ruwa na NDE na zuwa gidanku kullum, wannan ba zai karya ka ba, domin ba kowace rana ake zubarwa ba. In kuwa kuna cikin masu tashi ƙarfe uku na dare tarar ruwa, ko masu jiran ɗan garuwa, kai ma ka san amsar.

Rashin zubarwar nan kuma shi ne babban abin da ya sa nake ja maka birki. Ruwa ɗaya ne ke zaune makonni, da ɗumi, mutane na shiga suna fita. Zafin da jiki ke jin daɗinsa shi ne zafin da ƙwayoyin cuta ke so. Akwai wata mai suna Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a wani otal na Filadelfiya a 1976. Tana hayayyafa a ruwa mai digiri 25 zuwa 45, kuma ba ta sha ake ɗaukarta ba, ta tururi da feshin da kumfar ke tayarwa ake shaƙarta, ta sauka a huhu. Tsofaffi ta fi kayarwa. Akwai wata kuma mai fesar da ƙuraje masu ƙaiƙayi a jiki. Maganinsu sinadarin kulor ko burom, da ƴar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa kusan kullum a duba launi, da matata da ake wankewa ana canzawa. A Turai duk wannan a babban kanti ake ɗauka. A nan, kulor za ka samu wajen masu kayan wurin ninƙaya, amma matatar da ta dace da naka samfurin, ko allon lantarkinsa in wuta mai hawa da sauka ta ƙona shi, je ka kasuwar Katako ka tambaya ka ga kallon da za a yi maka. Tankin rana kowane mai gyaran famfo na gari zai iya taɓa shi, kuma ruwan da Hajiya za ta shiga sabo ne kowane lokaci, in ta gama a sake shi ga shuka.

Sai yanayin garin kansa. Waɗanda suka ƙirƙiro abin nan mutanen ƙasashen sanyi suke sayar wa. Mu ɗarinmu Disamba ne da Janairu, da ɗan abin da ya taɓa Nuwamba da Fabrairu. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, wa zai shiga ruwan zafi? Ruwan shato ma sai an tara a bokiti ya huce. Wata tara roba na naɗe a ɗaki, ɓera na gwada haƙori, ko tana waje rana na cinta. In ta yi maka ƴan shekaru ka gode Allah, alhali tanki mai kyau yana haura shekara goma, kuma ko da bazara yana da amfani wajen wanke-wanke da wankin kayan maiƙo. Ga kuma zancen sutura: an yi shi ne don mutum huɗu ko shida su zauna tare suna hira a fili. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ina za ka kafa shi har dattijuwa ta saki jiki ta shiga?

Kada in yi masa rashin adalci. Akwai abin da jakuzi ke yi wanda bokiti ba ya yi. In mutum ya nutse har wuya, ruwa na ɗauke nauyin jiki daga kan gaɓoɓi, zafi na tsayawa daidai ba ya raguwa, feshin kuma na tausa. Mutanenmu sun daɗe da sanin daɗin wannan, shi ya sa masu sanyin ƙashi ke tafiya har Tafadek, arewa da Agadas, su jiƙa jiki a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Amma kaso mafi girma na wannan amfanin nutsewar ce da ɗumin, ba kumfar ba, kuma baho na ba da su. Magini zai gina maka na siminti a cikin makewayi, ya liƙa karo marar santsi, ya yi masa matakala biyu da dakalin zama, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Lita 150 ta ishe shi. Kwatanta da na hurawa: bangonsa ya kai kusan santimita 70, kuma laushi gare shi, in ka dafa sai ya lotsa. Ka hango Hajiya da ciwon gwiwa tana ɗaga ƙafa ta tsallaka wannan, ƙasa a jiƙe, ba abin kamawa. Ni ba zan sa tawa uwar ba.

Ko wanne ka zaɓa, kafin ta fara ka kai ta wajen likita, musamman in tana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, domin ruwan zafi na buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi, kuma mai suga wani lokaci ƙafarsa ba ta jin ƙuna. Kada zafin ya wuce digiri 40, gara ma 37 ko 38, kada ta wuce minti 15, kuma a samu mai zama kusa. Mai juna biyu kuwa ta nisance shi. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi a farmasi, kada a dogara da gwajin hannu, don hannun da ya saba da tukunya ba ya faɗin gaskiya.

In gidan naka ne, sa kuɗin a tankin rana da baho. In haya kake, kada ka gina wa mai gida: sayi babban bahon roba mai kauri da kujerar wanka, a ɗora tukunya a kan gaz, a sirka. Bokitin lita 20 yana cin kashi ɗaya cikin arba'in na wutar da jakuzin zai ci a cikawa ɗaya. Ragowar kuɗin adashin kuma ka riƙe su don awon gwiwar da maganin da likita zai rubuta.