Mako guda a hamada daga Damagaram: abin saye, abin haya, da abin bari

Miji da mata da suka ɗaura niyyar yin mako guda suna kwana a fili suna hawan duwatsu, galibi kasuwa suke fara nufa. Ni kuwa sai in ce a tsaya tukuna a zaɓi wuri, domin wurin ne zai faɗa muku kayan da za ku ɗauka.

Daga Zinder, wato Damagaram, hanya uku ce. Akwai gandun Termit da Tin-Tumma da aka kafa a 2012, ana bi ta Gure zuwa Taskar, daga nan kuma babu kwalta, babu gidan mai, sai rairayi da baƙin dutse da rijiyoyin Tubawa masu nisa da juna. Akwai duwatsun Abzin, wajen kilomita 450 zuwa Agadas ta Tanut, sannan a shiga tsakanin duwatsu zuwa Timiya mai lambunan lemo da ruwa mai gangarowa. Gandun Abzin da Tenere yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1991, kuma Dutsen Bagzan da ya kai mita 2,022 shi ne mafi tsawo a Nijar. Ta uku ita ce Gadabeji ta wajen Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Wannan ba hamada ba ce tsantsa, bakin hamada ce. Mai son tafiyar ƙafa Abzin ya kamata ya nufa. Wanda bai taɓa kwana a daji ba ya fara da Gadabeji. Termit ta fi su kyau ta fi su cin kuɗi, kuma ba wurin koyo ba ce.

Kafin a biya ko dala, a je wajen jandarmomi da ma'aikatan gandun daji a ji halin da hanya ke ciki a wannan makon, da ko sai da rakiyar soja. Idan suka ce a'a, magana ta ƙare, kuɗinku na aljihunku.

Mota ita ce za ta cinye mafi yawan kuɗin, kuma nan ne ba a yin rowa. Hilux ta ishe ku Gadabeji da hanyoyin dutse na Abzin, ta fi sauƙin mai, bayanta kuma na ɗaukar jarkoki. Amma a rairayi mai zurfi Land Cruiser ce uwar tafiya, kuma kusan kowane makanike daga nan har Agadas ya san cikinta. Ko da maigida na da kat-kat tasa, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, na fi son a yi haya tare da direban da ya saba da rairayi. Tuƙin Zango zuwa Birni a cikin garin Zinder daban, na tudun yashi daban: sai an rage iskar taya kafin a shiga, a mayar bayan an fita, kuma mota kan sha mai fiye da yadda ta saba ƙwarai. Don haka kafin ku yi ciniki ku buɗe bayan motar da idonku. Tayar safiya biyu, famfon iska, shebur, faranti biyu na ƙarfe da ake sa wa a ƙarƙashin taya idan ta kafe, igiyar ja. In mai motar ya ce "ai ba za a buƙata ba, Alhaji", ku gode masa ku nemi wani. Zuwa Termit mota ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai, sai biyu, da jagora ɗan yankin. Ku yi yarjejeniya tun a gida kan wanda zai sayi mai, da wanda zai ciyar da direba, da abin da za a yi in mota ta lalace kwana biyu.

Sai ruwa. Ku ƙiyasta lita 10 ga kowane mutum a rana, sha da girki da ɗan wanke fuska. Ku biyu da direba da jagora, kwana 7, lita 280 ke nan, jarka 14 masu lita 20. Da wuya mota ta ɗauki wannan tare da mai, shi ya sa jagoran da ya san rijiya ya fi kowane kaya daraja. Jarkar man gyaɗa da aka wanke tana da araha a kasuwar Dole, amma warin ba ya fita duka, murfinta kuma kan yi yoyo da girgizar hanya. Sabuwa ta fi, ko a sa leda a bakin kafin a ɗaure. Babban tanki guda ɗaya kuskure ne, in ya fashe komai ya tafi. Salka kuwa har yanzu ba a yi mata kishiya ba wajen sanyaya ruwa: a rataye ta a jikin mota iska na bugunta, da azahar a sha kamar daga randa. Ruwan rijiya a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta kantin magani. Addini ma ya yi sauƙi da taimama idan ruwa ya yi ƙaranci.

Tanti shi ne abin da mutane ke ɓarnar kuɗi a kai. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ya dace da wannan tafiya, ruwan sama ba ya cikin lissafi, iska da sanyi ne abokan gaba. Babban tanti mai ɗakuna iskar hunturu za ta yi ta jijjiga shi har asuba, ƙananan turakunsa kuma ba sa kama yashi. Ƙarami mai zagaye, na mutum uku don a samu wurin jaka, wanda zif ɗinsa ke rufewa ruf saboda kunama, ya wadatar. Na gwanjo mai kyau ya fi sabo mai arha. Ku ja zif ɗin sau da yawa a gaban mai sayarwa, domin shi ne ke fara mutuwa da ƙura. Direba da jagora za ku ga tabarma da bargo kawai suke shimfiɗawa a bayan mota, amma Hajiya na buƙatar sutura wajen sauya kaya, wannan kaɗai ya isa dalilin sayen tanti. Kuɗin da aka rage a nan a sa shi a bargo mai nauyi biyu da katifar soso, don dare a kan duwatsun Abzin kan yi sanyi har ya kusa daskarar da ruwa.

Girki: ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 ta ishi mako, ba ta da hayaƙi, amma sai an yi mata kariya daga iska. Gawayi kaɗan don shayi, domin jagora Buzu ba zai yarda da shayin gas ba. Itacen gandu ba na sara ba ne. Kilishi, cuku, dabino, garin rogo, shinkafa, taliya, albasa. Duk abin da ke neman firji a bar shi gida.

Takalmi kuma kada a sayi sabo ranar tafiya. Rufaffe mai kauri a ƙasa, wanda aka yi mako biyu ana yawo da shi a gari har ya saba da ƙafa, shi ne na dutse. Silifa na zaman sansani ne kawai, kuma a Gadabeji da bakin Termit ƙarangiya za ta hana ku sakat da ita. Uwargida ta ɗinka wando mai kauri a sa ƙarƙashin doguwar riga, zane ba ya hawan dutse. Rawani ko mayafi na auduga ya fi hula, yana tare ƙura a hanci. Kowace safiya a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa.

Waya za ta ɗauke da zarar kun bar manyan garuruwa. Ku tambayi mai mota ko yana da hanyar kiran gida daga daji, ku sauke taswira a waya tun a Zinder, ku sayi ƙaramin faifan sola da fitilar goshi biyu. Sannan ku bar wa wani ɗan'uwa sunan jagora da lambar mota da ranar da ya kamata ya ji muryarku.