Wata takwas da Speedmaster a hannuna

Kowace safiya in na dawo daga masallaci, kafin a kawo koko, nakan ɗauki agogon in yi ta murza kansa har in ji ya cije. Babu batir a cikinsa, kuma motsin hannu ba ya cika shi kamar wasu agoguna. Awa 50 sifirinsa yake riƙewa, in ka manta da shi kwana biyu da ɗoriya sai ka tarar ya yi tsit. Da na saye shi na ɗauka wannan murzar ce za ta fara gundurata, sai ga shi ita na fi jin daɗi.

Omega Speedmaster Professional ne, na kamfanin da ke garin Biel a Suwizalan, mai injin 3861 da ya zo wa wannan samfurin a 2021. Faɗinsa milimita 42, fuskarsa baƙa, tsinkayensa farare, ko da gefen ido ka kalla ka san lokaci. Akwai ƙananan da'irori uku: ta wajen ƙarfe tara tana juya sakan, ta wajen uku tana ƙirga minti 30, ta wajen shida awa 12. Dogon tsinken tsakiya kuwa yana tsaye cik sai ka danna maɓallin sama.

A wannan maɓallin ƙwarewar maƙeran take. Yana da ɗan tauri, sai yatsa ya matsa sosai, sannan ka ji ƙas, tsinken ya tashi yana sulalewa, don injin bugu shida yake yi a sakan ɗaya. Ka sake dannawa ya tsaya, ka danna na ƙasa duk tsinkayen awon su koma sifili kafin ka ƙifta ido. Ƙananan ƙarafa ne zalla ke ture juna a ciki, ba lantarki ko ɗigo. Na sha kama kaina ina auna dahuwar ƙwai, ba don komai ba sai in ji wannan ƙas ɗin.

Lambobin da ke zagaye da bakinsa na auna gudu ne. Ƙanena bai yarda ba sai da muka gwada a hanya yana tuƙi: na danna, da muka ci kilomita ɗaya na tsayar, tsinken yana kan sakan 40, lambar gefensa 90. Ya duba allon motar ya yi shiru.

Labarin zuwansa duniyar wata kowane dillali zai ba ka, kuma gaskiya ne. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta amince da tsohon samfurinsa a 1965, ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya taka wata da shi a 1969, a 1970 kuma da shi 'yan sama jannatin kumbon Apollo 13 suka auna sakan 14 na kunna inji a hanyarsu ta dawowa. Ni dai abin da ya fi shafata shi ne METAS, hukumar awo ta Suwizalan, ta gwada injin: ba ya jinkiri, ba ya kuma wuce sakan biyar a rana, yana jure maganaɗisu har gaus 15,000 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Nawa sakan biyu yake ƙarawa. Wayata ta fi shi daidaito, wannan ba gardama, kuma ita nake dubawa in ina neman kwanan wata, don ba a yi agogon da gurbinsa ba.

An ce yana jure ruwa har mita 50, amma ni cire shi nake in zan yi alwala. Murfin fuskarsa roba ce mai suna Hesalite, wadda ba ta tarwatsewa kamar gilashi, sai dai tana ɗaukar zane. A sati na biyu na goga shi da ƙofar shago, laifina ne, raina ya ɓaci har yamma. Wani dattijo mai gyaran agogo ya ɗiga masa man gogewa, ya mulke da auduga minti biyar, zanen ya ɓace. Ya kara shi a kunne ya daɗe yana saurara kafin ya miƙo mini.