GrapheneOS a kan Pixel: abin da yake toshewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Wata shida ke nan ina aiki da GrapheneOS a kan Pixel 7 na hannu, irin waɗanda ake sayarwa a Circle, nan Accra. GrapheneOS tsarin Android ne da aka cire wa idon Google, kuma a wayoyin Pixel, waɗanda Google ke ƙerawa, kaɗai yake hawa.

Tun a shago ake yin kuskure. Kafin ka biya, haɗa wayar da intanet, ka shiga saitinta ka taɓa "Build number" sau 7, ka shiga sashen masu ƙera manhaja ka duba "OEM unlocking", maɓallin da ke ba da damar buɗe ƙofar sa wa waya sabon tsari. In ya yi toka-toka ya ƙi motsi, ajiye ta. Sau da yawa wani kamfanin sadarwa na Amurka ne ya kulle ta tun daga can, kuma mai yiwuwa ba gyaran da zai buɗe ta. Sauran aikin da kwamfuta ake yi ta shafin GrapheneOS. Komai na cikin wayar zai goge. Kebul marar kyau shi ne yawanci ke katse aikin a tsakiya. In an gama, a sake kulle ƙofar da aka buɗe, in ba haka ba tsaron ya zama rabi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ikon da yake mayar wa mai waya. Kana iya hana kowace manhaja shiga intanet gaba ɗaya. Wadda ta nace sai ta ga lambobin mutanenka, sai ka zaɓi biyu ko uku ka nuna mata, ita kuwa ta ɗauka ta ga duka. Wanda ya san yadda manhajojin bashi marasa lasisi ke kwashe lambobi su tona wa mutum asiri wajen dangi da abokan kasuwa, har Babban Bankin Ghana ya yi ta gargaɗi a kansu, ya san darajar wannan.

MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta *170# tana aiki lafiya lau, WhatsApp ma haka. Wasu manhajojin banki kan ƙi buɗewa domin suna neman shaidar Google cewa ba a taɓa tsarin wayar ba, wanda a ganina rashin adalci ne ga mai wayar da ya biya kuɗinsa.

Amma 'yan'uwa, kada a ruɗe ku. Layinka na haɗe da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kuma turakun sadarwa sun san kana unguwar Nima ko Madina. Kiran waya da saƙon tes na yau da kullum ba a ɓoye suke ba. Wannan sai dai Dokar Kare Bayanai ta 2012 da masu aiwatar da ita.