Gargaɗi: mai tallar sifiku a Facebook ya cinye min N210,000

N185,000 kuɗin sifiku biyu, N25,000 kuɗin wayar jona su da saiti. N210,000 ke nan, kuma har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Kada wani ya zo ya ce min ban bincika ba. Ko sisi ban tura masa ba sai da na je ɗakin da yake ajiye kaya na saurara da kunnena. Ya zaunar da ni a kujera, ya auna mita 2 tsakanin sifikun, daga kowace zuwa inda nake zaune ma mita 2. Ya janye su daga jikin bango, ya ɗaga su har ƙaramar sifikar sama ta zo daidai kunnena, ya ɗan karkato fuskokinsu suna kallona, sannan ya kunna. Wallahi muryar mawaƙin ta tsaya cak a tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya, kalangu a hagu, 'yan amshi a dama. Haka ake jera sifiku, na san wannan tun kafin in gan shi. To mutumin da ya iya aiki haka, ta ina zan gane ɓarawo ne? "Alhaji, ai ka ji da kanka, ni ba na cika baki." Maganar nan ce take ta dawo min, har hannu ya dafa a ƙirji yana faɗa.

Da na tashi ɗauka sai ya ce babban mutum kamata ba zai tafi da na gwaji ba, ga sababbi a kwali. Girmamawa na ɗauka.

A gida na jera su yadda ya yi, murya ta ƙi zama a tsakiya, sai ta watse ko'ina, kaurin sautin kuma babu. Ya ce tayil ne, in shimfiɗa kafet. Na shimfiɗa. A'a, kafin kafet ma ya karɓi N25,000 ɗin, wai wayata ce ba ta da kauri. N25,000 a kan waya! Bayan nan ya ce sai sun yi kwanaki suna aiki kafin su saki.

Mai gyaran unguwarmu ne ya kwance bayansu a gabana. Ƙaramar sifikar sama ta ɗayar ado ce kawai, ko waya ba a jona mata ba. Maganaɗisun babbar bai kai murfin gwangwanin madara ba, nauyin da na ji na yaba ashe dunƙulen siminti ne aka manne a ƙasan akwatin. Ɗayar kuma an juya wayoyinta a ciki, ja a gurbin baƙa, wannan tana turawa waccan tana ja, sautin yana kashe juna. A kwalin an rubuta 3000W PMPO, lambar talla ce, RMS ɗin da ake dubawa a san ainihin ƙarfin sifika ko alamarsa babu.

Tun ranar da na tura masa hoton simintin ya toshe lambata, ɗakin kuma a kulle.

Abin da kuka saurara shi za ku ɗauka, a buɗe kwali a jona a gabanku kafin ku biya.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin tiransifa biyu da hoton cikin akwatin duk suna wurina, zan ɗora su anjima. N210,000, gumina ne, ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.