Rainman, na'urar mai da ruwan teku ruwan sha: ta dace da iyalin da ke zaune a jirgi?

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin guguwar tekun Atilantika, jiragen ruwa masu filafilai kan taru a kudancin tsibirin Giranada da ke yankin Karibiyan, a mashigai irin su Prickly Bay da gefen Hog Island. Da yawansu gidaje ne sosai: uba da uwa da yara, ga shanya tana kaɗawa a kan igiya. Jirgi na kan anga, nesa da famfon gari, don haka ruwan daɗi shi ne babban lissafin gidan. A ce kowa zai ci lita 25 a rana, sha da girki da wanka da wanki. Mutum huɗu, lita 100 ke nan, wato jarka biyar, kilo 100 da za a loda wa kwalekwalen roba a kuma ɗaga su sama zuwa cikin jirgi kullum. Wannan wahalar ce Rainman, wani kamfanin Ostireliya, ya zo ya sauke.

Na'urar kashi biyu ce. Ɗaya akwatin famfo, ɗaya akwatin tantanin tacewa mai raba ruwa da gishiri, kuma a babban samfurin kowanne ya haura kilo 20. Ba a kafa ta a jirgi, ba a huda jikin jirgi dominta. Fito da ita ake yi, a gama a mayar. A cikin akwatin famfon akwai farfelar roba mai zuƙo ruwa, da matatar farko mai maikiron 5 (girman ƙananan hudojinta ke nan), da famfo mai ƙarfi da ke danna ruwan zuwa matsin bar 55 (bar ma'aunin matsi ne). Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen kashi 35,000 cikin miliyan, wanda ya ratsa tantanin kuwa ana so ya sauko ƙasa da 500. Babban samfurin, mai tantani biyu masu tsawon inci 40, yana ba da lita 100 zuwa 140 a awa, kuma janaretan Honda mai wat 2,000 yana ɗaukarsa. Akwai mai injin fetur a jikinsa, akwai kuma mai aiki da batir, sai dai wannan ruwansa kaɗan ne, wajen lita 30 a awa, kuma yana shan wuta ba wasa.

Tayar da na'urar ba wuya, amma tsallake mataki ɗaya yana da tsada. A buɗe bawul ɗin matsi gaba ɗaya kafin a kunna. A jefa tiyon zuƙowa ya nutse sosai, a ɓangaren da ba ya kusa da mafitar ban ɗaki ko ta wurin wanke-wanke. A kunna, a zuba wa tiyon fitar da ruwan gishiri ido har kumfar iska ta ɗauke. Sannan ne za a riƙa juya bawul sannu a hankali, ido na kan allurar geji, har ta tsaya a 55. Ruwan mintunan farko zubarwa ake yi. A tari kaɗan a kofi, a tsoma ɗan ma'aunin gishiri, in lambar ta sauka sai a juya tiyo cikin tanki. Wajen kashewa ma haka: a sassauta matsi tukuna, kana a kashe.

Abin yabo na gaskiya shi ne sauƙin gininta. Babu kwamfuta a ciki, babu allon da zai mutu saboda danshi. Tantanin da matatar duk na gama-gari ne, irin waɗanda ake samu a shagunan kayan jirgi, ba sai an jira saƙo daga wata nahiya ba. Spectra Ventura, wata na'ura irinta ta wani kamfani, ta fi ta tattalin wuta nesa ba kusa ba, tana ba da kusan lita 30 a awa da wutar batir amfiya 10 kacal, ta yi aiki shiru da hasken rana. Amma ta fi tsada, kuma famfonta na musamman ne, ba kowane makaniki ke taɓa shi ba.

Inda ake shan kashi shi ne ruwan mashigin kansa. Man dizal ko fetur da ke yawo a saman ruwa, in ya shiga tantani ya toshe shi, ba wankin da zai dawo da shi daidai. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, rafuka kan kwararo laka, matatar da ta yi sati biyu tana aiki sai ta koma ruwan ƙasa cikin awa ɗaya. Za a ji famfo yana kakari, allura tana rawa, alamar ruwa ba ya isarsa. Ga kuma ciyawar teku ta sargasum da ta addabi Karibiyan tun 2011, tana liƙe wa bakin tiyo. Hawa da saukar teku a yankin ba su da yawa, saboda haka ƙazantar da ke lungun mashigi ba ta saurin fita. Mai yara ƙanana kada ya yi ruwan sha a tsakiyar cunkoson jirage. Ya ɗaga anga ya matsa bakin mashigi inda ruwa ke gudana garau, ko da zai ɓata masa safiya.

Zama ba aiki ma yana kashe na'urar. A ruwa mai ɗumi, kwana biyu ko uku sun isa ƙananan halittun ruwa da ke ciki su ruɓe, a kunna a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya sa iyali suka fi mutum ɗaya morar ta: lita 300 duk kwana uku, awa biyu da rabi zuwa uku, tantani bai samu damar ruɓa ba. Bayan kowane aiki a ɗauraye ta da bokitin ruwan da ita ta tace. Ban da ruwan famfon gari, domin kulorin yana cinye tantani, sai in an bi da shi ta matatar gawayi. In za a ajiye ta ta daɗe, a jiƙa ta da ruwan hodar sodiyam metabaisalfait, kuma ranar da za a dawo da ita a zubar da ruwan rabin awar farko.

Ƙara kam akwai ta. Janareta da famfo tare sukan hana jariri barci, su kuma dami maƙwabta, don haka hantsi ya fi dacewa. Janaretan a sarari zai zauna, a inda iska ke kwashe hayaƙi daga tagogi, domin hayaƙin nan kisa yake yi ba tare da an ankara ba. Nauyin akwatunan ma abin dubawa ne ga jirgi ɗan ƙarami mai ƙarancin ma'ajiya.

Ga iyali mai mutum huɗu ko fiye da ke da janareta, babban samfurin ya ci kuɗinsa. Wanda ya dogara da hasken rana kaɗai gara ya nemi mai tattalin wuta. Duk wanda ya saya ya haɗa da matatun farko aƙalla shida, farfelar roba ta canji, hodar ajiya, da batirin ma'aunin gishiri.